Malam Audi Mai Rowar Miyau

A ƙauyenmu na yamma da Managil kowa ya san Malam Audi da abu biyu: hawasharsa, wato gonarsa ta gyaɗa, da tumbak, garin tabar nan da ba ya rabuwa da leɓensa na ƙasa. Ganye kuwa, cewa yake abincin awaki ne. In matarsa Juwairiyya ta kawo salatar ganyen jarjir, sai ya tura mata kwanon ya ce, "Hajiya, kin ga ƙaho a kaina?"

Bara wani farin tabo ya fito masa a dasashi, ya ƙi warkewa. 'Yarsa Hanaa ta matsa har ya yarda suka tafi asibiti a Madani. Tun a hanya ya ji ana raɗa sunan ciwon daji.

Gwaji ya nuna ba shi ba ne. Amma likita ta ce ya bar tumbak yau ɗin nan, ya riƙa cin ganye da 'ya'yan itace. Ta ƙara da cewa miyau mai gadin baki ne, ana ma binciken ko abinci na ƙara masa ƙarfi, sai dai ba a tabbatar ba tukuna.

Malam Audi ya jefar da "ba a tabbatar ba" tun a tashar mota, ya iso gida da sauran. Tumbak ya sha wuya kafin ya bar shi, wata guda yana faɗa da kowa har da jaki. Daga nan ya shuka jarjir a bakin rafi, ya kuma daina tofar da miyau. Wanda duk ya tofar a gabansa sai ya sha wa'azi.

"Salih, mi kake yi haka? Masu gadinka kake zubarwa a ƙasa!"

"Ya zol, bawan Allah, ƙuda na haɗiye!" in ji abokin nasa.

Tabo ya warke, likita ta tabbatar. Rannan Hanaa ta kawo jaririnta ya yi masa addu'a. Ya karanta ya karanta, da aka zo tofi sai ya hura iska kawai.

Juwairiyya ta ce, "Malam, jikanka ne fa."

Ya dubi yaron, ya nisa, sannan ya tofa ɗan kaɗan.