Clarrie Noske, Mai Tambayar Bindiga

Ƙarfe bakwai na safe Clarrie Noske yake buɗe rumfar kwanon da ke bayan gidansa. Ya ɗora shayi, ya ɗora tukunyar dalma. Shayin yakan huce bai sha ba. Shekara arba'in da ɗaya ke nan, duk wanda ya zuba harsashi da hannunsa a yankinmu na Mallee, abin ya ƙi, nan yake kawowa. Ƙarshen watan nan zai rufe rumfar. Idanu sun gaji.

Ni ba mai yawan magana ba ne. Wannan dai sai na faɗa.

Trish Hahn, mai kiwon tumaki, ta ba ni labarin nata. Harsasanta sun yi ta fitowa a karkace daga ƙarfen matsi, wanda ake tura su ta cikinsa don kaurinsu ya daidaita. Ta ɗora wa ƙarfen laifi. Clarrie ya juya guda a tafin hannu, ya ce, "Ƙarfen lafiyarsa lau, Trish. Ke ce kike ɗora su kamar kin bar garke a buɗe." Ta zage shi tas. Washegari ta dawo da kek.

Nawa ya fi nata nauyi. Mahaifina, Ray, ya rasu bara. Ya bar mini tsohuwar bindigarsa da mazubin harsashinsa. Na matse harsasaina daidai lambar da littafin masu zuba harsashi ya ce. A filin kulob ɗinmu na harbi suka riƙa faɗa wa allon saiti a kaikaice, dalma ta manne a bututun bindigar. Wata uku a haka. Na yanke cewa bindigar ta mutu, na sa ta a mota zan miƙa wa 'yan sanda su yanka ta. Na biya ta wajen Clarrie ne kawai in ba shi mazubin.

Ya leƙa motar, ya ce, "Ita kuma ina za ka da ita?"

"Ta gama."

"Ita ta gaya maka?"

"Littafi ya ce..."

"Littafin ne ya yi shekara talatin a bayan motar babanka? Miƙo ta, ɗan Ray. Dubi fuskarka, kamar an ci ku a ƙwallo."

Ya shafa wa gudan dalma mai laushi mai, ya tura shi ta bututun a hankali har ya fito, ya auna. Bututun ya fi abin da littafi ya ce faɗi, da abin da bai kai silin gashi ba. Harsasaina ne suka yi masa siriri. Sai ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko wani ƙarfen matsi naɗe a tsumma. An karce "Ray" a jikinsa.

Ya ce, "Tare da babanka muka faɗaɗa shi. Shi ma sai da ya yi fushin wata biyu. Kai ka ɗara shi da ɗaya."

Na matse sababbin harsasai da shi, ran Asabar na harba biyar. Tafin hannuna ya rufe hudojinsu duka a jikin allo.

Clarrie, kai ne mai ma'aunin da ba ya gaggawa. Kai ne ka hana ni jefar da abu na ƙarshe da hannun mahaifina ya goge. Ba ka yi mini ta'aziyya da baki ba, ka dai ajiye wannan ƙarfen har na zo. Na gode.

Ku da kuka saura a kulob, ku ɗauki halinsa: kafin ku ce abu ya mutu, ku auna shi tukuna.

Bindigar tana gida, a kulle cikin akwatinta. Jiya na karce sunana a jikin ƙarfen matsin, a ƙarƙashin na Ray.