Ranar da Aka Ce In Taka Bayan Baba

Ranar Alhamis ce ta kasuwar Maigatari, a kakar shekarar da na shiga aji uku, aka shigo da Baba gida kwance a amalanken shanu. Ni da ɗan tagwaicina Husaini muna langa a ƙofar gida, ko la'asar ba a kira ba, alhali Baba ba ya dawowa sai magariba. Babu jini a jikinsa. Gumi ne kawai ke zuba, ya cije leɓe, duk ramin da amalanken ya faɗa sai ya runtse ido.

Baba manomi ne, amma in gero ya shiga rumbu yakan je dako ranar kasuwa. Buhunan gyaɗa da wake suke hawa da su babbar mota ta kan katakon da ake jinginawa. 'Yan dakon zamanin suna da al'adarsu: a aza maka kaya ba abin kunya ba ne, amma saukewa kai kaɗai za ka yi. Wanda ya ce a kama masa, sunansa ya zama amarya har kasuwa ta zagayo. Kawu Sale, abokin dakonsa da ya rako shi, ya ce Baba ya kai bakin mota da buhu a ka, ya tarar gabansa a cike, sai ya murɗa ƙugu ya jefa buhun gefe, ƙafafunsa na kafe wuri guda. "Da kunnena na ji," in ji shi, "kamar an karya kara."

Aka kwantar da shi rub da ciki a gindin darbejiyar tsakar gida. Aka bar gero a turmi, awaki suna ci ba mai kora. A garinmu an yarda ƙafar ɗan tagwaye magani ce. In baya ya riƙe wa mutum, mu ake kira mu hau mu tattaka. Na sha yi wa tsofaffi, su yi nishin daɗi, su ba ni ƙuliƙuli. Kakarmu Iya, mahaifiyar Baba, ta dube ni ta ce, "Hassan, wanke ƙafarka."

Na wanke. Na dafa kafaɗar Kawu Sale, na ɗora ƙafar dama a tsakiyar bayan Baba. Zafi rau, naman ya sandare kamar dutsen niƙa. Ban kai ga ɗaga ɗaya ƙafar ba, sai Inna, wadda ke tsugune tana matsa masa sawu, ta yi magana. Mahaifiyata ba ta taɓa ɗaga murya a gaban surukarta ba.

"Malam, ka ji na taɓa ka?"

"A ina?" in ji Baba.

"Hassan, tsaya!" in ji Inna.

"Ke, tun ba a haife ki ba ake wannan," in ji Iya.

"Iya, waɗanda yake takawa suna jin ƙafarsu. Shi ba ya ji."

Na tsaya haka, ƙafa ɗaya a ƙasa ɗaya a bayan ubana, ban san wadda zan bi ba. Iya ta zaro tsinke daga tsintsiya, ta soka a tafin ƙafarsa ta hagu. Ko motsi. Ta ƙara sokawa, ta kira shi da sunan da ba ta taɓa faɗa ba, don ɗan fari ne. Sannan ta kama ƙafata da hannunta ta sauke.

Ƙyauren zaure aka cire, aka zame shi a kai a hankali, maza suka ɗauka har bakin titi, sai asibiti a Gumel. Can aka ce wani abu ne ya goce tsakanin ƙasusuwan baya ya danne jijiya. Ya kwanta har bazara. Mu da Inna muka yi sharar gona, muka kai taki. Ranar da ya miƙe yana dafe da bango, Iya ta shige ɗaki ta yi ta kuka. Ya yi tafiya, yana jan ƙafar hagu har ƙarshen ransa, amma bai sake ɗaukar buhu ba. In ya je kasuwa sai ya zauna kusa da mota yana kira: "Ku kama masa! Gara a ce maka amarya da a ɗauke ka a ƙyaure."

Na girma na yi yawo. A tashar jirgin ruwa ta Bur Sudan da ta Kwatano na zauna da 'yan dako, da Larabci da Faransanci na ji irin tsokanar nan tamu. A Marsai ta ƙasar Faransa kuwa na ga ana koya wa sabon ma'aikaci ya durƙusa da gwiwa, ya rungumi kaya a ƙirji, ya juya da ƙafa ba da ƙugu ba, abin da ya fi ƙarfinsa a bar wa inji, ba mai yi masa dariya.

Bara na koma Maigatari. Ga baro, ga keke mai ƙafa uku, kowane matashi da waya a aljihu, amma katakon yana nan a jingine. Na ga wani ya kai bakin mota da buhu a ka yana neman inda zai juya, ban san lokacin da maganar Baba ta fito daga bakina ba. Suka kwashe da dariya, "Alhaji ya kawo amarya!" Amma ɗayansu ya miƙa hannu ya kama kunnen buhun.

Da an miƙa wa Baba irin hannun nan, da da ƙafarsa ya dawo gida.