Goyon da Jilani Bai Yi Ba

Ni da Jilani mun kwashe rabin rayuwarmu muna faɗa a kan tsofaffin mutane. Ba faɗan dambe ba, faɗan wa zai riga wani isa ƙofar mota. Aikinmu ɗaya a Korbus, wani ƙauyen bakin teku kusa da Tunis. Idan motocin 'yan shan iska suka tsaya a bakin hanya, masu ƙafa su gangara da kansu zuwa inda ruwan zafi ke fitowa daga dutse yana zuba cikin teku, marasa ƙafa kuma mu goya su. Matakalar doguwa ce, ga santsi daga ƙasa, keken guragu ba ya bin ta. Mai sanyin ƙashi, mai shanyewar ɓarin jiki, tsohuwar da gwiwa ta ƙi, duk a bayanmu suke sauka, a bayanmu suke hawowa. Idan mace ce a shimfiɗa bargo tsakani, 'ya'yanta na biye da takalmanta a hannu.

Jilani ɗan masunci ne, amma teku ba ta karɓe shi ba. Duk ranar da ubansa ya sa shi a kwalekwale sai ya amayar da abin da ya ci tun shekaranjiya, har tsohon ya gaji ya kore shi tudu. Ya yi dakon akwatunan lemo a gonakin Manzil Buzalfa, daga nan ya gane mutum ya fi lemo daɗin ɗauka, don lemo ba ya sa albarka. Ya girme ni, ya fi ni faɗin kafaɗa, ya kuma fi ni baki, wannan ne ya fi ba ni haushi. Ni idan na goya mutum shiru nake yi, ina tattalin numfashina. Shi kuwa tun daga matakin farko zai fara zuba.

"Hajiya, riƙe wuyan nan da kyau, yau naki ne ke kaɗai. Bara na sauko da wata daga Kairawan, ta fi ki jin jiki, bana da ƙafarta ta zo ta gaishe ni."

Ƙarya ce tsagwaronta. Babu wata mata daga Kairawan. Ruwan yana da daɗi, yana kwance jijiya, mutum ya samu barci mai kyau na 'yan kwanaki, amma ni dai tunda nake ban taɓa ganin wanda muka saukar a goye ya hawo da ƙafarsa ba. Nakan ce masa, "Si Jilani, ka ji tsoron Allah, ka bar matar nan ta Kairawan ta huta haka nan." Sai ya ce, "Ayyashi, kai jaki ne mai kirki, amma dai jaki. Wanda ya sa rai ya fi sauƙin ɗauka. Gwada ka gani." Na gwada kuwa, kuma abin takaici da gaskiyarsa. Wanda ya yarda zai warke yakan riƙe ka da ƙarfinsa, ba ya sakar maka jiki kamar buhun siminti.

Matarsa Beya burodi take gasawa a tanderun bayan gida, shi ya sauko da kwandon a ka da safe, a sayar wa baƙi. 'Yarsu ɗaya, tana aure can Safakis. A gaban tanderun nan Beya ta faɗi wata safiya, ɓarin hagu ya tafi gaba ɗaya. Baki ya dawo bayan 'yan watanni, ƙafa da hannu ba su dawo ba. Kuma maganar farko da ta fito daidai daga bakinta ita ce, "Kai ni ruwa."

Ya ce bari sanyi ya wuce. Sanyi ya wuce, ya ce ga azumi. Aka yi salla, ya ce yanzu wurin ya cika da samarin birni masu ɗaukar hoto, ba zai kai iyalinsa cikin su ba. Baƙi suka watse, ya ce teku ta haukace, sai ta lafa. Haka shekara ta zagayo, wata ma ta bi ta. Kada ku ɗauka wulaƙanta ta yake yi. Shi ke juya ta, shi ke ba ta abinci a baki, shi ke yanke mata farce. Kullum da yamma ya ciko jarka daga bakin dutsen ya hau tudu da ita, ya gasa mata ƙafa. Matata Manubiya, wadda ke zuwa yi mata wanka, ta ce Beya takan kalli jarkar ta ce, "Wannan ai ya huce. Ni can nake so."

Wata rana na shiga gaishe ta. Ta rame, amma idon nan nata yana nan da kaifinsa.

"Ayyashi, abokin faɗanka ya goya mutum nawa yau?"

"Ban ƙirga ba, Lalla Beya. Ya dai ƙwace mini biyu."

"To ka tambayar mini shi, ni a wace mota zan zo kafin ya gan ni."

Na yi dariya don ta yi, amma maganar ta tsaya mini a rai. Washegari da rana muna zaune a inuwar katanga, muna dangwala burodi cikin harisa, kwaɓaɓɓen barkonon nan namu, da man zaitun, na kasa haƙuri.

"Kai fa ba ka da kunya. Ka goya rabin Tunis, matarka ce ta gagare ka? Nauyinta bai kai na kwandon burodi ba."

Ya haɗiye lomarsa.

"Kai ma ka san abin da ruwan nan ke yi," in ji shi. "Ka san abin da ba ya yi. Yanzu kullum ta farka tana da abin jira. Tana cewa ranar da na shiga ruwa zan yi kaza, zan kunna tanderu, zan je Safakis. Ran da na kai ta na dawo da ita yadda take, me zan ce mata ta jira kuma? Baƙi suna hawa mota su tafi, ba na ganin fuskarsu bayan mako guda. Ita a gabana za ta gane."

Na so in zage shi, zagin bai zo ba. Na ce masa dai Allah ne mai warkarwa, ya ce ai shi ma ya yi makarantar allo, in ci burodina.

Abin ya faru a tsakiyar zafi, ranar Lahadi. Irin motocin nan ne da ke son haɗa komai a wuni ɗaya, Korbus da safe, kogunan dutse na Hawariya da azahar, ganuwar Kelibiya kafin rana ta faɗi. Direba tun mutane ba su gama jiƙa ƙafa ba yake danna oda. A cikinsu akwai wani alhaji mai shagon yadi, ƙato, ƙafafunsa sun kumbura. Na hango shi na fara lissafin bayana, kafin in gama Jilani ya riga ya durƙusa a gabansa. Saukowa lafiya lau. A hawowa ne, alhaji jiƙe, direba na ta oda, 'ya'yan na cewa a yi sauri, ƙafar Jilani ta zame a kan gansakuka. Kowane ɗan dako mai hankali sakin kaya yake yi ya tsira da ƙugunsa. Shi bai saki ba. Ya murɗa jiki ya sauka a kan gwiwa da mutumin a bayansa, na ji ƙarar ƙugunsa daga inda nake. Sai da 'ya'yan suka karɓi ubansu sannan ya kife. Ko ƙwarzane alhajin bai yi ba. Suka yi ta sannu, suka yi abin da za su iya, motar kuma ta wuce Hawariya.

Ni na hawo da Jilani a bayana. Sai da muka kai can sama ya ce, "Kana girgiza mutum, shi ya sa ba ka da kasuwa."

Ya yi makonni a asibiti a Tunis, ya dawo da sanda da gargaɗin likita cewa ko bokitin ruwa kada ya ƙara ɗagawa. Aka shimfiɗa masa katifa kusa da ta Beya. 'Yarsu ta zo ta yi wata guda ta koma wurin yaranta, Manubiya da maƙwabta suka ci gaba. Idan na shiga sai in tarar da su kwance suna kallon rufi ɗaya, suna musu a kan wa ya fi wani minshari. Beya ta ce mini sai yanzu ta san tana da miji, da can haya take yi daga hannun baƙi.

Amma ta daina cewa a kai ta ruwa. Ko sau ɗaya ba ta ƙara faɗa ba. Shirun nan ya fi ciwon bayan cin Jilani. Da ya fara takawa, lokacin furen lemo ne, ya dogara sandarsa har bakin matakala ya same ni. Ya tsufa a wata takwas fiye da yadda ya tsufa a shekara ashirin.

"Ayyashi, ina da aiki."

"Wa zan ɗauka?"

"Ka sani. Ranar Talata da sassafe, kafin motoci. Ka zo da bargo mai kyau, ba wannan tsumman naka ba. Kuma ka yi mata magana a hanya, kada ka yi mata shirun nan naka. Ka ba ta labarin matar Kairawan."

Na yi wanka ranar, na sa riga mai tsabta, na ari motar mai kayan miya ta tsaya a ƙofar gida. Manubiya ta riga ni zuwa da tawul da kayan canji. Jilani yana tsaye a tsakar ɗaki, hannu biyu a kan sanda, yana magana da muryar da yake yi wa baƙi.

"Tashi, uwargida, yau ce ranar. Ga mota, ga jaki. Ba shi da hira amma ba ya yar da kaya."

Beya ta dube ni, ta dubi bargon da ke kafaɗata, sannan ta dubi mijinta.

"Ayyashi, Allah ya saka da alheri. Mayar wa mutumin motarsa, kada kayan miyarsa su yi yaushi."

"Ba ke kike ta roƙo ba?" in ji Jilani. "Shekara nawa kina cewa ruwa, ruwa?"

"Jilani, ni ce fa nake wanke rigunanka tun kana da gashi. Kullum ka dawo sai ka ba ni labarin wanda ka ɗauka, ban taɓa jin ka kawo labarin wanda ya miƙe ba. Kana tsammanin ban san ruwan nan ba? Na san shi kafin in faɗi." Ta tsaya ta haɗiye yawu, don magana mai tsawo tana wahalar da ita. "Matan mutane suna zuwa daga ko'ina ka goya su, kana ba su dariya har ƙasa. Ni ma so nake ka goya ni a gaban kowa, ka yi mini ƙaryar nan taka, mu sauka mu hawo. Shi ke nan abin da nake so. Bayan wani ba zai yi mini ba."

Jilani ya jingine sandar a bango, ya juya mata baya, ya fara ƙoƙarin durƙusawa a bakin katifar. Bai kai rabi ba fuskarsa ta canza, gumi ya keto masa, sai da na tare shi. Ita kuma ta miƙa hannunta mai rai ta dafa bayan nasa, ta ce, "Bari, bari. Zauna kawai." Na fita na sallami mai mota. A bakin ƙofa na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Beya ta rasu a sanyin da ya biyo baya, ba ta ga ruwan ba. Maƙabartarmu tana kan tudu, kuma kowa ya san yadda ake yi, maza na karɓa-karɓa, kowa ya sa kafaɗa ya yi 'yan taku ya ba na bayansa. Masunta sun ɗauka, mai kayan miya ya ɗauka, har wasu baƙi biyu da suka tsaya sayen shayi suka shiga suka samu ladansu. Jilani yana baya da sandarsa, muna rage sauri saboda shi. Da muka kusa ƙofar maƙabarta sai na ji ya ja rigata.

"Matsa," in ji shi.

Ban matsa ba, don na san abin da zai faru. Na dai rage tsawo na buɗa masa wuri a gabana, ya shigar da kafaɗarsa ƙarƙashin makarar, ni da na gaba muka ɗage hannu muka riƙe nauyin duka. Itacen yana taɓa rigarsa kawai. Ya yi taku kaɗan a haka, sannan ya juyo da kai, a hankali yadda ni kaɗai zan ji.

"Ayyashi, ka sakar mini ko kaɗan ne. Ban ji ta ba."