Noreen Ta Hana Kanta Bashin Kirsimeti

Noreen Hackett ta kwashe shekaru tana jera kifi a kwali a wani kamfani da ke bakin tashar jiragen ruwa ta Grimsby. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, ga saurin hannu, ga saurin baki. Mijinta Keith direban motar ɗaga kaya ne, har ranar da bayansa ya riƙe, aiki ya tsaya. Albashi ɗaya ya koma ɗaukar nauyin gida duka. Aka ci bashin katin banki, aka ci na kanti, aka ci wani don a toshe wani. Ta kai wayar Noreen ba ta yin ƙara sai in mai bin bashi ne.

Wata abokiyar aikinta ce ta tura ta wurin ƙungiyar agaji mai sasanta masu bashi da masu binsu. Jami'in da ya saurare ta, Mista Aldous, ya tsara mata yadda za ta yi. Haya, harajin gunduma, wuta, gas da abinci su ne farko. Abin da ya rage ta tura wa ƙungiyar duk wata, su raba wa masu binta gwargwadon haƙƙin kowa. Masu bin suka yarda su dakatar da kuɗin ruwa, amma kada ta ci sabon bashi, kada kuma ta biya wani ta bayan fage. In ta saɓa, yarjejeniya ta rushe, ruwa ya dawo, haya ta gagara. Mai gidan kuwa tuni ya yi mata gargaɗin ƙarshe.

Waya ta yi shiru. Saura Brenda.

Brenda wakiliyar wani kamfani ce mai ba da rance gida-gida. Duk Juma'a take bin layin da jakarta tana karɓar biya, tun zamanin mahaifiyar Noreen, shi ya sa har yau Noreen ke ce mata Anti. A layin nan ba a barin mutum tsaye a ƙofa. Duk wanda ya ƙwanƙwasa, a ɗora ruwan shayi. Wanda kuwa ya sha shayinka, da wane ido za ka sallame shi hannu rabbana? Don haka, ko da yake kamfanin Brenda yana samun kasonsa daga ƙungiyar, Noreen ta riƙa zaro fam goma daga kuɗin gas tana tura mata ƙarƙashin faranti.

Da sanyi ya kankama, asiri ya tonu. Ta dawo aiki ta tarar da Keith a kujera da rigar sanyi da hula, katin mitar gas ɗin ɗumama gida ya ƙare.

"Sannu da zuwa, uwargida," ya ce. "Ni ma daskarar da ni za ki yi ki sa a kwali?"

"Ai kai ko kyauta ba mai ɗauka."

"Nor, bar wasa. Ina kuɗin gas?"

Ta sunkuya tana kwance igiyar takalmi.

"Yana jakar Antinki, ko? In mutumin ƙungiyar nan mai sanyin murya ya ji fa?"

"Keith, matar nan ta zo jana'izar Mama. Ita ta riƙe min hannu."

"Ta riƙe hannu ɗaya. Ɗayan na cikin aljihunki."

Juma'ar da ta biyo baya ta faɗo a farkon Disamba. Brenda ta shigo tana kaɗe ruwan sama daga laimarta, ta zauna a kujerar da ta saba. Ba ta ko jira shayi ya yi ƙarfi ba, ta buɗe jaka ta baje sababbin takardun kuɗi a kan tebur.

"Fam ɗari biyar, 'yar nan. Na Kirsimeti. Na roƙa miki da kaina, don na san jikoki za su zo."

"Anti, an hana ni."

"Wa zai gaya musu? Ni? Mamarki ba ta taɓa barin Kirsimeti ya wuce babu talotalo a teburin nan ba, Allah Ya ji ƙanta."

Noreen ta dubi kuɗin. Ta san keken da babban jikanta ke nunawa a tagar kanti. Ta san kuma mahaifiyarta ta rasu ana binta kuɗin talotalon da aka manta ɗanɗanonsa. Ta zuba shayi, ta sa wa Brenda sukari yadda take so, sannan ta tattara kuɗin ta mayar mata cikin jaka, ta ja zif.

"Ga biskit, Anti. Na yau babu fam goma a ƙarƙashinsa, kuma ba za a ƙara ba. Kasonku na zuwa ta ƙungiya."

"Au, ni za ki yi wa haka? Da ɗan abin da nake karɓa ake biyana, kin sani."

"Na sani, wallahi na sani. Amma ko dai ki ji haushina, ko mu kwana a titi ni da wancan tsohon."

"Ina jin ku fa!" Keith ya ɗaga murya daga falo.

"Sha shayinki, Anti. Ƙofa a buɗe take duk Juma'a, jakar ce kawai za ki bari a mota."

Brenda ta ajiye kofin da rabi a ciki, ta fita ba sallama. Noreen ta kira Mista Aldous ta gaya masa komai da bakinta. Ya ce tun da ta daina, za su gyara lissafi a ci gaba.

Kirsimetin shekarar kaza aka gasa. Keken kuwa na gwanjo ne, Keith ya zauna a ƙasa yana nishi ya shafe shi da jan fenti. 'Yarsu, uwar jikan, ta ɗan turo baki, yaron ko a jikinsa, ya yi ta zagaye layi har duhu. Brenda ba ta sake shigowa ba. In sun haɗu a kanti sai ɗaga hannu daga nesa, kuma abin ya daɗe yana sukan Noreen a rai.

Haka aka yi ta tafiya shekara da shekaru, injin wanki ya lalace aka yi wanki a baho, aka yi bukukuwan da ba ta je ba. Bashin na raguwa kamar sabulu a hannu. Wata ranar bazara tana hutun rabin rana Mista Aldous ya kira ya ce biyan wancan watan shi ne na ƙarshe, babu mai binta ko kwabo. Ta zauna a kan kwalin kifi ta yi dariya har da hawaye, matan wurin suka kewaye ta suna buga tebur da safar hannu.

Ƙarshen wata, kuɗin da ta saba turawa ya kwana a asusunta. Keith ya fara zancen babban talabijin. Ta bar shi yana yi, ta sa takalmi ta tafi ofishin mai gida ta biya hayar wata biyu a haɗe.

Akawun ya duba na'urarsa ya ɗago. "Uwargida Hackett, kin yi kuskure. Ba a bin ki komai."

"Na sani," ta ce, ta gyara zaman jakarta a kafaɗa. "Yanzu ni ke bin ku. Rubuta."