Layar da ta fito a hoton ƙirjina

Salama gare ku. Wata takwas ban rubuta komai a nan ba, ku yi haƙuri.

Maigidana lafiyarsa lau, yana zuwa aikinsa a kamfanin siminti na Kalambaina. 'Ya'yanmu Ishaya da Saratu suna makaranta. Inna, mahaifiyata, gwiwa na damunta, tana nan wurinmu tun da ta zo jinyata daga ƙauye. Ni Rifkatu jikina ya warke, amma hankalina ba a kwance yake ba. An sa ni ba da shaida a coci ranar Lahadi, kuma ban san me zan faɗa ba.

Tari ne ya fara. Na ɗauka ƙurar siminti ce da maigida ke shigowa da ita a kaya. Sai zazzaɓi, sai zufa, sai zani ya daina zama a ƙuguna. Ranar da na ga jini a kakina, na zauna bakin rariya na yi ta kallonsa.

Inna ba ta bin Yesu. Da ta iso ta gan ni, ta ce, “Wannan jifa ne. An ga kin koyi karatu da girmanki, kina riƙe littafi gaban mutane.” Ta rataya mini laya a wuya, ɗinkin fata da ɗan ƙarfe a ciki. Ta ce ranar da na cire, ranar za a gama da ni.

Shekara goma sha ɗaya da baftismata. Na bar ta ta ɗaura.

Mama Fasto, matar fastonmu, ita ta raka ni asibiti. Aka ba ni ɗan kwano in tofa kaki, aka tura ni ɗaukar hoton ƙirji. Nas ta ce a cire sarƙa da duk wani ƙarfe. Na cire ɗan kunne. Layar kuwa na tura ta cikin riga, ina ganin abin da ido bai gani ba, inji ma ba zai gani ba.

Likita ya ɗaga hoton. Ga wani abu fari fat a tsakiyar ƙirjina. Mama Fasto ta kama hannuna ta fara addu'a. Sai likita ya dube ni ta saman tabarau.

“Baiwar Allah, mi kinka rataya? Wanga ba ciwo ba na, ƙarhe na. Ko kin haɗiye makullin ɗaki?”

Nas ta ƙyalƙyale da dariya. Mama Fasto ba ta yi ba.

Na ɗage layar sama da kafaɗa ba tare da na cire ta ba, aka sake hoton. Gwaji ya nuna tarin tibi. Magani kyauta ne, wata shida, kullum da safe kafin in ci komai. Fitsarina ya koma ja kamar manja, na tsorata, suka ce aikin ƙwayar ne. Kofina daban, tabarmata daban. Saratu takan tsaya bakin ƙofa ta ce, “Mama, yau zan iya shigowa?”

A hanyar gida ranar da aka ɗauki hoton, Mama Fasto ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, “Rifkatu, an riga an fanshe ki. A kan gicciye aka biya, aka karya ikon Shaiɗan. Me za ki ƙara a kan jinin Yesu, fata da ƙarfe? Kawo mu ƙona.” Na ce zan mayar wa Inna kayanta.

Mama Fasto, na san za ki karanta wannan. Ban mayar ba. Na kasa faɗa miki baki da baki. Wata shidan nan duka tana wuyana. Kuna zuwa ku ɗora mini hannu, tana ƙarƙashin rigata. Sai ranar da likita ya ce na warke na cire ta, na jefa a gwangwanin madara.

Ga inda kaina ya ɗaure. Inna ta ce laya ce ta warkar da ni. Likita ya ce ƙwaya ce da ban tsallake ba. Zumuntar mata sun ce addu'a ce. Na gaskata Yesu ne, amma in na gaskata, me ya sa na fi tsoron jifa? In an ci nasara da mugun, don me na kasa zubar da abin da ke cikin gwangwanin? Zunubin da mutum ya yi yana sane, bayan baftisma, shi ma yana cikin wanda aka biya? Na buɗe Littafi ina bi da yatsa, karatuna a hankali yake, ina kaiwa ƙarshen layi na manta farkonsa.

Na gode wa Allah da nake numfashi. Na gode wa maigidana da ya koyi tuƙa tuwo, da maƙwabciyata Hajiya, matar mahauci, da ba ta fasa aiko mini da romo ba. Wanda tarinsa ya wuce sati biyu, ya je a gwada kakinsa. Kada ku bar maganin don kun ji sauƙi. In an ce ku cire ƙarfe, ku cire.

Inna ta ce za ta bi ni coci ranar Lahadi, karo na farko a rayuwarta, don ta ji 'yarta ta yi magana gaban jama'a. In na ambaci layar, na kunyata ta, ba za ta sake taka ƙofar ba. In na yi shiru, na yi wa Allah godiya da ƙarya.

Don Allah ku ba ni amsa kafin Asabar, ke ma Mama, ko da faɗa ne. Inna har ta karɓo ɗinkinta daga wurin tela a Ƙofar Rini, yanzu haka tana gwada ɗaurin kallabi, tana tambayata ko a coci ana cire takalmi.