Panon da Alhaji Ya Yi wa Lulluɓi

Ni fa ban ce zan je ba. A fara sanin wannan, don har yau in zancen ya taso a gidanmu sai a nuna kamar ni na roƙa. Wata Alhamis ce ta damina, saura kwana goma Babbar Sallah, ina ɗan shekara goma sha biyu, ina tsugune a lungunmu na Yakite muna buga ƙwallon marafan kwalba da yaran unguwa, sai ga Baba ya kamo ni ta wuyan riga ya ɗora ni bayan wata tsohuwar motar kaya. Wai in raka kakana Alhaji Mamman daji, can hanyar Damara, sayen raguna wurin Fulani, kwana uku cur. Dalilin da aka ba ni, wai tsoho na bukatar mai cika masa buta. Dalilin gaskiya kuwa, Inna ce ta shiga watanta, an gaji da ganina ina zagaya ƙofar ɗakinta. Kuma ba a banza nake zagayen ba. Haihuwar da ta yi kafin wannan, jaririn bai zo da rai ba, ita ma ta daɗe kwance a asibiti, ni ne mai kai mata kunu a kwano kullum da safe. Shi ya sa da Baba ya miƙa wa Alhaji ƙaramar waya ya ce zai kira da zarar an sauka, sai na ji duk rayuwata ta koma cikin wayar nan.

To, in faɗi nawa laifin tun kafin wani ya faɗa mini. A hanya na karɓi wayar da sunan zan riƙe masa, na shiga buga wasan macijin da ke cikinta tun daga fitarmu gari har inda kwalta ta ƙare mana. Muna sauka ta yi ƙyaf ta mutu. Ban damu sosai ba, don na san muna da pano, irin ƙaramin faifan nan mai naɗewa kamar littafi da ke zuƙar wuta daga rana. Alhaji ya aro shi daga teburin Kawu Sani mai sayar da kayan waya a Kasuwar Kilomita Biyar, da alkawarin zai mayar da shi sabo fil yadda ya ɗauka.

Wannan alkawarin ne ya kashe ni.

Mun kafa tamfol ɗinmu gefen rugar wani Bafulatani mai suna Buba, muka daddanne gefe da duwatsu. Aikina ɗebo ruwa a rafi, tsinto itacen da bai jiƙe ba, hura wutar shayi da hayaƙi na cika mini ido, da korar awakin da suka ɗauki tabarmarmu abinci. Buba ya nuna mini wani dogon suri, ya ce nan kaɗai rezo, wato sabis ɗin waya, ke kamawa, shi ma sai ka hau ka ɗaga hannu sama kamar mai rantsuwa. Suri na nan, rezo na nan, waya ce babu rai.

Washegari Juma'a rana ta fito tas. Alhaji ya ciro panon da bismilla, amma ya ƙi zare shi daga ledarsa, ledar nan mai ƙaton tambari da ya rufe rabin fuskar gilashin. Ya jingina shi a jikin bishiya, ya jona wayar. Hantsi na yi, rana ta fara cizo, daidai lokacin da abin zai ci abincinsa, sai tsohon nan ya tashi ya ja shi inuwa, ya warware rawaninsa ya lulluɓe shi. Na ce masa, Alhaji, sunan abin nan fa na rana ne. Ko kallona bai yi ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana sayar da atamfa a bakin titin Kuduku, wanda rana na karkatowa yake sauke labulen shago, ba za ka gaya masa rana abokiyar kaya ce ba. Maganarsa ɗaya ce: "Duk hajar da rana ta gani ta zama kwance." Na yi bayani da Hausa, na yi da Sango, yaren garinmu, har ɗan Faransancin da na tsinto kafin a gaji da ni a lakwal, makarantar boko, na zazzage masa. Ya ce da karatuna na da amfani da ban cinye batir da maciji ba. Da la'asar hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa. Ranar ta tafi a banza.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ko sau ɗaya bai ambaci Inna ba. Ita ce 'yarsa ta fari, a al'adarsu ba ya kama sunanta, ba ya tambayar lafiyarta a gaban mutane. Ni kuwa a lokacin ban san kunya ce ba, na ɗauka panon Kawu Sani ya fi masa uwata. Ban lura ba cewa tun Alhamis bai gama kofin shayi ɗaya ba, carbi kawai yake ja.

Asabar da safe Alhaji da Buba suka tafi garke duba raguna. Ban yi shawara da kowa ba. Na yage ledar da haƙori, na shimfiɗa panon a kan wani falalen dutse, na tokare bayansa da takalmina ya fuskanci rana, na cusa wayar a ƙarƙashin hulata don kada ta gasu. Na zauna gadi da sanda. In girgije ya gifta in zage shi, in akuya ta matso in kai mata duka, in inuwa ta taho in ja panon gaba. Can 'yar jar fitilar jikin panon ta kama. Sai da rana ta kusa tsakiya wayar ta buɗe ido da layin caji ɗaya tak. Na haye surin nan a guje, gara na hawa ƙafata, na kira Baba.

Inna ta sauka tun jiya Juma'a da hantsi. Mace, lafiya lau, ita da uwar. Wato daidai lokacin da Alhaji ke yi wa pano lulluɓi, Baba na can yana ta kira, wayar na ce masa a kashe take.

Ina saukowa Alhaji ya iso, ya ga yagaggiyar leda, ya ɗaga sanda. Na miƙa masa wayar na ce, "Mutanen gida sun sauka." Sandar ta faɗi. Tsohon da ke kukan gwiwa kullum, shi ne ya haye suri da babbar riga. Bai ce komai ba sai alhamdu lillahi, sau uku, sannan ya juya mana baya ya daɗe yana gyaran hular da ba ta karkace ba.

Yanzu ni ke da tebur a Kuduku, pano da fawa-bank nake sayarwa, panon da ya fi wancan sau goma ma yana shiga aljihu. Duk wanda ya saya sai na yage ledar a gabansa, don na san irin mutanenmu. Ƙanwar tawa har ta fara yi mini rashin kunya. Alhaji ya rasu shekaru uku da suka wuce, kuma da zan samu ya dawo ya lulluɓe mini kayan teburin nan kaf da rawaninsa, wallahi ba zan ce uffan ba.

Gardamar kuwa ba mu muka kashe ta ba. Ranar suna muna tsakar gida, shi yana cewa maciji ne ya jawo, ni ina cewa rawani ne, har baƙi sun fara rabuwa gida biyu. Sai Inna ta ɗaga labule, jaririya a kafaɗa, ta dube ni, don ba za ta dubi ubanta ba, ta ce, "Ni da na yi naƙudar ban yi surutun da kuke yi ba."