Baba Bunu da Fuskar Agogon Majo

Kowace safiya, da rana ta ɗaga, Baba Bunu zai turo kekensa har bakin kasuwar Magariya, ya ɗora akwatinsa na gilashi bisa tabur, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera 'yan ƙarafansa, sannan ya maƙala madubi a idon dama. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana gyaran agogo a wurin. A watan nan ya ce idon ya gaji, zai huta. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mahaucin da ke maƙwabtaka da shi ya shaida mini cewa Baba ba ya buɗe cikin agogo sai mai shi na tsaye yana gani. Wata mata daga Bande ta bar nata, ciwo ya kwantar da ita shekara biyu. Da ta dawo ta tarar yana tafiya daidai, domin kullum sai ya murɗa maɓallinsa ya yi masa wani.

Ni kuwa abin da ya yi mini ya fi wannan.

Mahaifina, marigayi Majo Ɗalha, ma'aikacin lafiya ne a Dungas. Wani likita Bature da suka yi yaƙi da ƙyanda tare ya bar masa agogonsa da zai koma gida. Agogo ne mai maɓalli biyu a gefe, da ƙananan da'irori uku a fuska, da wasu jajayen lambobi kewaye da bakinta. Fuskar ta tsufa ta yi rawaya. Bara, da 'yata Ruma'isa za ta gama lakwal, wato makarantar aikin jinya, a Damagaram, na yi niyyar ba ta agogon kakanta, sai na ji kunyar miƙa mata shi a koɗe. Wani saurayi mai sayen tsofaffin agogo, Salim, ya ce zai sa masa sabuwar fuska kyauta, don girmama Majo. Na ba shi, har da godiya. Ya dawo mini da shi yana ƙyalli.

Maɗauri kawai na je saye wurin Baba Bunu. Ya karɓi agogon, ya daɗe yana kallo.

"Alkasim, wa ya taɓa agogon Majo? Ina jajayen lambobin?"

Na faɗa masa, ina ma alfahari. Ya cire madubin daga idonsa.

"Ɗana, da lambobin nan babanka yake auna bugun zuciya. Ya kama hannun marar lafiya, ya danna maɓalli, ya ƙirga bugu goma sha biyar, ya tsayar. Inda hannun agogon ya tsaya, shi ne bugun minti guda. Irin agogon nan an yi su da yawa, amma masu fuskar likitoci ƙalilan ne. Masu tara tsofaffin agogo a ƙasashen waje ita suke nema, kuma a koɗen suke son ta. Wannan da aka sa maka ta kasuwa ce."

Da hannuna na ba da abin da mahaifina ya yi shekara talatin yana duba marasa lafiya da shi.

Baba ya tambayi abokan sana'a, aka ce Salim yana Dantchiao, washegari zai tsallaka iyaka. Ranar kasuwa ce, mutane na jiransa, amma ya rufe akwati ya hau bayan moto na. Duk ramin da muka faɗa sai na ji ya ce, "Sannu dai, amma kar ka rage gudu."

Mun same shi a zauren masaukinsa. Ni da na zo da faɗa a baki, Baba ya dafa gwiwata. Ya gaisa, ya sha ruwa, ya tambayi mutanen gida. Sannan ya ce, "Ɗana, fuskar agogon Majo muka biyo. Na san ta tun ba a haife ka ba. Akwai ɗan tabo ƙarƙashin lamba shida, ni na yi shi, hannuna ne ya zame. Majo ya yafe mini, ni ban manta ba."

Salim ya ce, "Baba, ai tsohuwa ce, yar da ita ma zan yi."

Baba ya miƙa tafin hannu. "To, yar mini da ita nan."

Can Salim ya zuge jaka, ya fito da gwangwanin mai, ya buɗe. Ga ta naɗe cikin auduga, ga tabon ƙarƙashin shida. Na zauna a ƙasa ina ta alhamdu lillahi. Baba bai zage shi ba. Cewa ya yi, "Kana da ido, yaro. Ka riƙa faɗa wa mutane abin da suke riƙe da shi, sannan ka taya."

Washegari ya mayar da fuskar ina tsaye. Da Ruma'isa ta zo, shi ya koya mata dannawa, ya miƙa mata hannunsa. Ta ƙirga, ta ce saba'in da biyu. Ya yi dariya ya ce, "Ashe da saura."

Baba Bunu, kai ne ka faɗi kuskurenka na shekaru don ka ceto abin wani. Kai ne ka san darajar abin da ke hannun talaka, ka gaya masa. Mai ido da amana, mun gode. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa hutun ya yi albarka.

Ku kuma masu sana'a, makanikai da teloli da masu gyaran waya, kun fi mu sanin abin da muke kawo muku. In mun zo a jahilce, ku faɗa mana gaskiya, ko ba mu tambaya ba.